Neman Mai Laifi a Cikin Gida: Fina-finai Biyar da Na Kalla Kwanan Nan

Makonni uku da suka wuce ciwon baya ya kwantar da ni, likita ya hana ni dogon zama da doguwar tafiya, sai na wayi gari da abin da na daɗe ban samu ba, wato lokaci. Mafi yawansa a kallon fina-finai ya tafi, kuma ba tare da na tsara ba, duk waɗanda suka zauna mini a rai a kan iyali suke magana: iyayen da tsufa ya cim musu, auren da ya zo gargara, da yaran da ke tsaye a tsakiya suna kallon manya. Zan ambaci yadda wasunsu suka ƙare, don haka wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a riga shi bakin labari, ya san da wannan tun yanzu.

Akwai wata ɗabi'a da na gano a tare da ni a wannan kwanciyar. Duk lokacin da na fara kallon fim ɗin iyali, kafin a yi minti 20 na riga na fara laluben wanda zan ɗora wa laifi, ko muguwar suruka, ko ɗan da ya yi arziki ya manta da mafari, ko mijin da ba ya jin magana. Da zarar na same shi sai hankalina ya kwanta, domin daga nan na san gefen da nake, na kuma san cewa ni ba irinsa ba ne. Cikin fina-finai biyar ɗin da na kalla, guda ɗaya ne kawai ya miƙo mini wannan mutumin a hannu.

Wannan ɗayan shi ne Baghban, fim ɗin Indiya na shekarar 2003 wanda Ravi Chopra ya ba da umarni, Amitabh Bachchan da Hema Malini suka fito a matsayin Raj da Pooja, ma'auratan da suka shekara 40 tare. Raj ma'aikacin banki ne da ya ƙarar da abin hannunsa a kan 'ya'yansa maza huɗu, yana ganin su ne ajiyarsa ta gobe. Da ya yi ritaya, sai 'ya'yan suka yanke shawarar raba tsofaffin biyu, uban ya zauna gidan wannan, uwar ta zauna gidan wancan, bayan wata shida a sauya. Na taɓa kallonsa shekaru da dama da suka wuce, kuma ba zan ɓoye ba, wannan karon ma na share hawaye a wurin da tabaran tsohon ya fashe, ya riƙe wasiƙar matarsa ya kasa karantawa. Amma da fim ɗin ya ƙare sai na lura da irin daɗin da nake ji, na kuma tsargu da shi. An shirya 'ya'yan nan huɗu da matansu ta yadda babu wani ɗan kallo da zai ga kansa a cikinsu, rashin kunyarsu a fili take, son abin duniyarsu ba ya ɓuya. A ɗaya gefen kuma ga Alok, marayan da Raj ya ɗauki nauyin karatunsa, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa, mutum ne da ba a nuna masa aibi ko na ƙwayar zarra ba. A ƙarshe littafin da Raj ya rubuta ya karɓu, kuɗi suka dawo, 'ya'yan suka lallaɓo neman gafara, ya ƙi yafe musu a bainar jama'a. Tambayar da ta dame ni ita ce, da littafin bai sayu ba fa? Mafi yawan tsofaffin da aka yi wa irin wannan ba su da littafi, kuma babu taron da za a kira domin su amayar da abin da ke cikinsu.

Kwana biyu bayan haka na kalli Tokyo Story, fim ɗin Japan na shekarar 1953 na Yasujiro Ozu, baƙi da fari, wanda ya haura sa'a biyu, kuma kyamararsa a ƙasa take a girke kamar mutumin da ke zaune a kan tabarma, da ƙyar take motsawa. Labarin kusan ɗaya ne da na Baghban, kuma ba abin mamaki ba ne, domin dukansu suna da kama da wani tsohon fim ɗin Amurka na 1937 mai suna Make Way for Tomorrow, inda 'ya'ya suka raba iyayensu tsofaffi a tsakaninsu. A nan tsoho Shukichi da matarsa Tomi ne suka taso daga garin Onomichi da ke bakin teku, suka yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa zuwa Tokyo domin ganin 'ya'yansu. Babban ɗansu Koichi likita ne a wata unguwa ta bayan gari, 'yarsu Shige kuma tana da shagon gyaran gashi a gidan da take zaune.

Kusan babu wanda ya ɗaga wa tsofaffin nan murya a fim ɗin daga farko har ƙarshe, kuma wannan ne ya sa ya fi Baghban ciwo nesa ba kusa ba. Koichi ya shirya fita da su ranar Lahadi, kowa ya sa kayan fita, sai ga wani uba ya zo cewa jikin ɗansa ya tsananta, dole likita ya ɗauki jakarsa ya bi shi. Wane ne zai ce ya yi laifi? Shige tana da masu jiran gyaran gashi, idan ta rufe shago babu mai biyan ta. Da abin ya yi musu yawa, sai suka haɗa kuɗi suka tura iyayen Atami, wani wurin shaƙatawa mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, suna ganin sun yi abin kirki, alhali wurin na matasa ne masu kwana suna caca da kiɗa. Tsofaffin suka kwana ido biyu, da safe suka zauna a kan katangar bakin teku, suka ce wa juna lokacin komawa gida ya yi. Da Tomi ta zo miƙewa sai jiri ya ɗebe ta, mijinta ya ce rashin barci ne. Ba a sa wani kiɗan tausayi ba, ba a matso da kyamara kusa da fuskarta ba, amma daga wannan lokacin na san abin da ke tafe.

Wadda ta ba su lokacinta ita ce Noriko, matar ɗansu Shoji wanda ya tafi yaƙin duniya na biyu bai dawo ba, shekara takwas ke nan. Ita ce ta nemi hutun yini guda a ofis ta zagaya da su gari a motar 'yan yawon buɗe ido, ita ce ta kwana da surukarta a ɗan ƙaramin ɗakinta. Da farko na ɗauka ita ce Alok ta wannan fim ɗin, wato baren da ya fi na jini, wanda aka kawo domin a kunyata sauran. Sai dai Ozu bai bar ni da wannan sauƙin ba. Bayan rasuwar Tomi, da autar gidan Kyoko ta fusata tana kiran yayyenta masu son kai saboda sun koma Tokyo da an gama jana'iza, Noriko ce ta kare su, ta nuna mata cewa kowa da rayuwar da ke jansa, kuma ita kanta tana jin za ta zama kamarsu. Ta kuma shaida wa surukinta, cikin kuka, cewa ba ta kai yadda suke zato ba, domin akan yi kwanaki mijin nata bai faɗo mata a rai ba. Setsuko Hara, wadda ta fito a matsayin Noriko, ta yi fim ɗin kusan gaba ɗaya da murmushi a fuskarta, irin murmushin mai karɓar baƙi, shi ya sa lokacin da ta rufe fuska da tafin hannu abin ya girgiza ni. A ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta gudanar a 2012, daraktocin fina-finai sun zaɓi wannan fim a matsayi na ɗaya a tarihi. Ban cika damuwa da irin waɗannan jerin ba, amma wannan karon ban ga abin musu ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne uzurorin Koichi da Shige, domin nawa ne sak. Ni ma ina da aiki na gaske, ina da gajiya ta gaske, kuma sau nawa na ga kiran mahaifiyata na ce bari in gama wannan in kira ta, har dare ya raba. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kuma Baghban ya ba ni tudun wasu in hanga, Tokyo Story kuwa ya nuna mini wanda nake tsaye a kai.

Marriage Story na Noah Baumbach, wanda ya fito a Netflix a 2019, ba zan daɗe a kansa ba. Adam Driver da Scarlett Johansson sun fito a matsayin ma'auratan da suka amince su rabu cikin mutunci ba tare da lauyoyi ba, sai lauyoyin suka shigo, kowace ƙaramar magana da aka taɓa yi a ɗaki ta koma makami a gaban alƙali. Wasan ya yi kyau, Laura Dern ma ta ci kyautar Oscar da rawar lauyar matar. Matsalata da shi ita ce ya sami mai laifinsa a waje, wato tsarin shari'a da masu cin abinci da shi, ya kuma bar ɗan nasu Henry kamar kayan da ake ja tsakanin New York da Los Angeles, ba mu cika sanin abin da ke ransa ba. Mutane ne masu hali, waɗanda rabuwa ta ci musu kuɗi da kwanciyar hankali, amma ba ta taɓa abincin bakinsu ba.

Na ga bambancin sosai da na kalli A Separation na Asghar Farhadi, fim ɗin Iran na 2011, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a wannan shekarar, ya kuma zama fim ɗin Iran na farko da ya ci Oscar a 2012. Fitowar farko kaɗai ta ishi mai hankali. Miji da mata, Nader da Simin, suna zaune suna fuskantar kyamara, muryar alƙali muke ji ba ma ganin sa, domin a kujerarsa aka zaunar da mu. Simin tana son su bar ƙasar saboda makomar 'yarsu Termeh mai shekara 11, bizarsu kuma saura kwana 40 ta ƙare. Nader ya ce ba zai tafi ya bar mahaifinsa mai fama da cutar mantuwa ba. Ta ce tsohon bai ma san cewa shi ɗansa ba ne, ya amsa da cewa shi ai ya san mahaifinsa ne. Na dakatar da fim ɗin a nan na yi shiru, domin a cikin minti biyar an ba ni mutum biyu masu gaskiya, an ce in yi hukunci.

Da Simin ta koma gidan iyayenta, Nader ya ɗauki wata mata mai suna Razieh domin ta kula da tsohon. Matalauciya ce mai riƙo da addini, tana da juna biyu, tana zuwa daga nesa da ƙaramar 'yarta, kuma mijinta Hodjat, wanda ya rasa aikinsa na gyaran takalma, bashi ya yi masa katutu, bai san tana wannan aikin ba. A ranar farko tsohon ya ɓata jikinsa, sai ta ɗauki waya ta tambayi malamai ko akwai zunubi idan ta wanke shi. Wata rana Nader ya dawo ya tarar ta fita, ta ɗaure hannun mahaifinsa a jikin gado, tsohon ya faɗo ƙasa. Ya zarge ta da satar wasu kuɗi, waɗanda mu 'yan kallo mun san Simin ce ta ɗauka ta biya masu ɗaukar kaya, ya tura ta waje ya rufe ƙofa. Ta yi ɓari. Daga nan shari'a ta rataya a kan tambaya guda: shin ya san tana da ciki lokacin da ya tura ta?

Kowa a fim ɗin nan ya yi ƙarya ko ya ɓoye wani abu, kuma babu wanda na kasa fahimtar dalilinsa. Nader ya sani, amma idan ya amsa za a ɗaure shi, kuma wa zai kula da tsohon da yake yi wa wanka yana kuka a bayansa? Razieh ta ɓoye cewa mota ta buge ta kwana ɗaya kafin rikicin, lokacin da ta fita titi neman tsohon da ya sulale daga gida. Hodjat mai zafin rai ne, yana zagi yana dukan kansa, amma da ya ce wa mai bincike shi matsalarsa ita ce bai iya tsara magana kamar Nader ba, sai na ji kunya, domin ni ma na fi saurin gaskata mai sanyin murya da ilimin boko. A nan ne fim ɗin ya tashi daga labarin gida ɗaya ya zama labarin al'umma, inda mai hali da marar hali suke tsayawa gaban doka ɗaya, amma ba da harshe ɗaya ba.

Wadda ta biya bashin duka ita ce Termeh, wadda 'yar daraktan ce ta cikinsa, Sarina Farhadi, ta fito a matsayinta. Tun farko an nuna mana yadda uban yake horar da ita a kan tsayawa kan daidai, har ya sa ta koma ta karɓo canji a gidan mai, ya kuma ce mata kuskure kuskure ne ko da malamar makaranta ce ta faɗa. Yarinyar da aka yi wa wannan tarbiyya ita ce ta gano cewa mahaifinta ya yi ƙarya, kuma ita ce aka kira gaban mai bincike, ta rufa masa asiri da tata ƙaryar ba tare da ya roƙe ta ba, ta koma mota tana hawaye. A ganina wannan ne mafi munin abin da Nader ya aikata, ya fi turawar da ya yi wa Razieh, domin turawar cikin fushi ce, wannan kuwa yana ji yana gani ya bar yarinya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Da aka zo batun diyya, ya nemi Razieh ta rantse da Alƙur'ani cewa shi ne sanadin ɓarin, ta kasa, saboda tana shakka kuma tana tsoron alhaki ya faɗa kan 'yarta, duk da cewa kuɗin ne za su fitar da mijinta daga hannun masu bin sa bashi. Fim ɗin ya ƙare alƙali yana tambayar Termeh wanda ta zaɓa ta zauna da shi, iyayen suna jira a baranda, kowa a gefensa, ba a kuma faɗa mana amsarta ba. Na ji haushi na ɗan lokaci, daga baya na gane cewa da an faɗa, da na mayar da zaɓinta hukuncin da ni na kasa yankewa.

Na ƙarshe shi ne Shoplifters na Hirokazu Kore-eda, wanda ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a 2018. Wasu mutum biyar ne ke cunkushe a wani tsohon gida a Tokyo, suna rayuwa da fanshon wata tsohuwa, da ɗan abin da leburanci da aikin wanki ke kawowa, da kuma ɗauke-ɗauke a kantuna. Wani dare mai sanyi suka tsinci yarinya 'yar shekara biyar a waje, jikinta duk tabo, suka kai ta gida domin ta ci abinci, daga nan ba su mayar da ita ba. Sannu a hankali ake gane cewa wannan gida ba jini ne ya haɗa shi ba. Akwai wurin da matar gidan, Nobuyo, take wanka da yarinyar, suka ga kowaccensu tana da tabon ƙunar dutsen guga a hannu, yarinyar ta riƙa shafa na babbar. Ban ga wata fitowa a Baghban da ta kai wannan bayyana ma'anar uwa ba.

Duk da haka Kore-eda bai yarda ya mayar da su waliyyai ba, kuma a nan na ƙara girmama shi. Mutanen nan sun hana yaron gidan, Shota, zuwa makaranta, sun koya masa sata, da tsohuwar ta mutu sun binne ta a cikin gida sun ci gaba da karɓar fanshonta, kuma da aka kama yaron yana kwance a asibiti da karyayyar ƙafa, sun tattara kaya za su gudu su bar shi. Hukuma kuma, da ta zo gyara, ta mayar da yarinyar hannun iyayen da suka yi mata tabon, domin su takarda ta sani. Inda nake da ja da fim ɗin shi ne yadda ya nuna jami'an da suka yi binciken, kusan babu mai zurfin tunani a cikinsu, kamar dai shi ma daraktan a ƙarshe ya buƙaci wanda za a ɗan ji haushinsa.

Da na fara samun sauƙi na sake kallon Tokyo Story, wannan karon na sa ido a kan Shige kaɗai, tunda ita na fi tsana a kallon farko. Ita ce ta yi wa mijinta ƙorafi don ya sayo wa iyayenta abin taɓawa mai tsada, ita ce ta ce wa wata da ta zo gyaran gashi iyayen nata wasu sani ne daga ƙauye, ita ce ta tafi duba mahaifiyarta da kayan makoki a cikin jaka, kuma ita ce ta nemi a ba ta wasu tufafin marigayiyar ana gama jana'iza. Duk suna nan yadda na bar su. Amma na ga abin da ya wuce ni da farko. Da likita, wato yayanta, ya ce mahaifiyar ba za ta kai safiya ba, Shige ce ta fara fashewa da kuka, kuma kukan gaske ne. Haka nan a daren da ɗan sanda ya kawo mata mahaifinta a buge tare da wani abokinsa da ba ta sani ba, suka zube a kujerun shagonta, cikin faɗan da take yi ta ambaci cewa a da can haka yake sha, yana wahalar da mahaifiyarsu, sai da aka haifi autarsu ya daina. Magana ce ta 'yan daƙiƙoƙi, ba a sake komawa kanta da wani dogon bayani ba. Tsohon nan mai sanyin hali da na yini ina tausaya wa, akwai wata yarinya da ta taɓa zama a gida tana jiran ya dawo cikin dare, kuma ita ce wannan matar mai kaifin baki da ta gama mitarta, ta tashi ta nemo musu abin shimfiɗa.